Daga wayarka zuwa ƙasan teku: yadda data ke ratsa netwok bayan netwok

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, azumi bai wuce kwana huɗu da kamawa ba, aka wayi gari intanet ta yi nauyi a yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma. Manhajojin bankuna suka ƙi buɗewa. Masu POS suna ta ɗaga na'ura sama suna jujjuya ta ko za a dace, mai saye kuwa yana tsaye da kayan buɗa-baki a hannu, kuɗinsa na cikin asusu amma ba halin taɓa su. Abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne sandunan sabis a saman fuskar waya cike suke, kira yana shiga, data kuma ba ta ƙare ba. Ashe ɓarnar tana can nesa, a ƙasan teku daura da Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, inda manyan igiyoyin sadarwa huɗu suka lalace kusan lokaci guda: WACS, ACE, SAT-3 da MainOne. Kamfanin MainOne ya ce bincikensa na farko ya nuna motsin ƙasa ne a can ƙasan ruwa ya haddasa hakan. Najeriya, Nijar, Gana, Laberiya, Benin, Burkina Faso da Kamaru duk sun ji a jikinsu, kuma sai da jiragen ruwa masu gyara suka shafe makonni kafin a kammala aikin.

To me ya haɗa igiyar da ke kwance a tekun Kwaddibuwa da mai sayar da ƙosai a Gusau? Yawancinmu mun ɗauka intanet a iska take yawo, tunda ba ma ganin komai tsakanin hannunmu da ƙarfen sabis. Alhali tafiyar iska ita ce mafi gajarta a duk tafiyar. Daga wayarka zuwa ƙarfen da ya fi kusa da kai 'yan kilomitoci ne, wani lokaci ma 'yan mitoci, kuma wannan ɗan taƙin kaɗai sandunan nan suke aunawa. Daga ƙarfen, saƙo yana bin faranti mai harba sigina zuwa wani ƙarfen, ko ya shiga igiyar faiba da aka binne a gefen titi, har ya isa cibiyar kamfanin layinka. A nan ne ainihin tafiyar take farawa.

Kafin saƙo ya bar wayarka ma, an riga an yanyanka shi. A zamanin wayar tarho ta NITEL, idan ka kira mutum, ana ware muku layi ku biyu har ku gama, ko kuna magana ko kun yi shiru, ba mai shiga. Wannan tsari asara ne ga kwamfutoci, domin su maganarsu a tsittsinke take zuwa. A shekarun 1960 Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila, kowannensu daban, suka kawo shawarar a riƙa gutsuttsura bayani ƙanana-ƙanana, kowane gutsure ya ɗauki adireshinsa ya nemi hanyarsa, ta yadda dubban mutane za su yi tarayya a layi ɗaya. Waɗannan gutsattsarin su ake kira fakiti. A kan wannan tunani aka gina ARPANET, netwok ɗin Amurka da intanet ta samo asali daga gare shi, a 1969 da kwamfutoci huɗu, kuma a kansa muke har yau. Fakiti ɗaya yawanci ba ya wuce bayit 1,500. Hoton biki mai nauyin megabayit 3 da ka tura wa ƙanwarka, fakiti wajen 2,000 ke nan.

Ɗauki misalin ɗan kasuwar Dawanau da zai aika buhun wake 2,000 zuwa Legas. Ba ya jiran mota ɗaya da za ta kwashe su duka. Kowane buhu yana rubuta masa sunan mai karɓa, sunan mai aikawa da lamba, sannan ya loda su a duk motar da ke da wuri. Wata ta bi ta Lakwaja, wata ta bi ta Jabba. Buhu na 900 yana iya riga na 40 isa. Wakilinsa a can yana jera su bisa lamba, idan ya ga na 47 bai zo ba sai ya bugo waya a sake aiko wani. Rubuta adireshi da lodawa shi ne aikin ƙa'idar da ake kira IP. Ƙirgawa, jerawa da neman wanda ya ɓace kuwa aikin TCP ne. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka wallafa tsarin a 1974, aka koma kansa gaba ɗaya ranar 1 ga Janairu, 1983.

Akwai wani abu a cikin wannan tsari da nake ganin shi ne ginshiƙin nasararsa. Ita hanyar ba ta yi wa kowa alkawarin isar da kaya ba. Iyakarta ta yi ƙoƙari. Idan cunkoso ya yi yawa a wata mahaɗa, zubar da fakiti ake yi, ba tare da an sanar da kowa ba. Na'urorin da ke bakin hanya biyu, wato wayarka da kwamfutar da kake magana da ita, su ke da alhakin lura da gyarawa. TCP idan ya ga fakiti suna ɓacewa sai ya rage gudu, idan ya ga hanya ta buɗe sai ya ƙara. Shi ya sa sauke bidiyo ke jan ƙafa da daddare lokacin da kowa ya hau, amma dai a ƙarshe yana kammaluwa daidai. Kiran murya da na bidiyo ba sa bin wannan ƙa'ida, sun fi amfani da wata mai suna UDP wadda ba ta komawa neman abin da ya faɗi. Dalili a fili yake: kalmar da yayanka ya furta daga Jidda daƙiƙa biyu da suka wuce ba ta da amfani idan ta iso yanzu. Gara a tsallake ta. Wannan tsallaken ne kake ji idan murya ta fara yankewa, har ka shiga maimaita “Yaya, kana ji na?”

Sai maganar adireshi. Duk na'urar da ke intanet tana buƙatar lambar da za a same ta da ita. Tsohon tsari, IPv4, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kuma duka-duka adireshi kusan biliyan 4.3 yake iya bayarwa. A shekarun 1980 wannan adadi ya yi kama da abin da ba zai ƙare ba, sai ga shi a Fabrairun 2011 babban rumbun duniya ya raba na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai hedikwata a tsibirin Morishiyos. Dabarar da ta hana abin tsayawa ita ce tarayya: rautar gidanku ko ta ofis, wato na'urar da ke karɓar fakiti ta miƙa shi gaba, tana ba kowace waya adireshin cikin gida, irin waɗanda ke farawa da 192.168, ita kuma ta fita waje da adireshi ɗaya a madadin kowa, tana riƙe da lissafin wa ya nemi me. Kamfanonin layi ma haka suke yi da ɗimbin masu amfani da su. Magani na dindindin shi ne IPv6, wanda adireshinsa ya yi yawan da ba a fargabar ƙarewarsa, sai dai ƙaura zuwa gare shi tana tafiyar hawainiya a ƙasashenmu.

Ba wanda ke haddace waɗannan lambobi, suna muke rubutawa. Mai mayar da suna lamba shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983. Idan ka rubuta sunan shafin da ya ƙare da .ng, wayarka tana tambayar kwamfutar kamfanin layinka. Idan ba ta da amsar a ajiye, sai ta tambayi tushe, tushe ya nuna mata masu kula da .ng, wato NiRA, su kuma su nuna mata inda bayanin wannan sunan yake. Nijar nata .ne ne. Duk wannan kai-komo yana ƙarewa cikin ƙiftawar ido, tun kafin fakiti na farko na shafin ya taso.

Da zarar an samu lamba, fakiti ya kama hanya daga rauta zuwa rauta. Babu rautar da ta san hanyar daga farko zuwa ƙarshe. Kowace tana da jadawali da ke gaya mata cewa adireshin da ya fara da kaza, a miƙa shi ta ƙofa kaza. Ta duba, ta miƙa, ta manta da shi. Don kada fakitin da ya ɓata hanya ya yi ta zagaye har abada, ana maƙala masa wata lamba da kowace rauta ke rage ɗaya daga ciki, idan ta kai sifili a yar da shi. Wanda ke da kwamfuta zai iya ganin wannan da idonsa ta umarnin traceroute, ko tracert a Windows: zai jero masa mahaɗun da saƙonsa ya ratsa ɗaya bayan ɗaya, da lokacin da kowace ta ci. Sau da yawa za ka ga lambobin suna tafiya ƙanana, sai kwatsam su yi tsalle. Nan ne saƙon ya faɗa teku. Su rautocin nan adireshi kawai suke karantawa. Abin da ke ciki, idan shafin yana da alamar kwaɗo ko manhajar tana kulle saƙo kamar WhatsApp, a rufe yake gare su, ko da yake suna ganin adireshin kwamfutar da kake hulɗa da ita.

Yanzu mun iso wurin da ya fi muhimmanci, kuma wanda aka fi jahilta. Intanet ba kamfani ɗaya ba ce, kuma ba ta da hedikwata. Tarin netwok ne masu cin gashin kansu, fiye da 70,000, kowanne da lambarsa da masu shi da manufarsa. MTN ɗaya ne, Airtel ɗaya ne, Glo ɗaya ne, Google ɗaya ne, babbar jami'a ko banki ma na iya zama ɗaya. Hulɗarsu iri biyu ce. Ko dai ƙarami ya biya babba kuɗi don ya kai masa kaya ko'ina a duniya, ko kuma biyu su ga suna yawan musayar kaya, su jona igiya kai tsaye ba tare da wani ya biya wani ba. Saboda haka hanyar da saƙonka ke bi ba lallai ta zama mafi kusa a taswira ba. Yawanci ita ce mafi arha ga kamfanin, ko wadda yarjejeniya ta tanada. Kasuwanci ne ke zana taswirar.

Yaren da waɗannan netwok ke magana da juna da shi sunansa BGP. Injiniyoyi biyu, Kirk Lougheed da Yakov Rekhter, suka zayyana shi a 1989 a kan takardun goge hannu wajen cin abinci, da nufin ya yi aiki na ɗan lokaci. Har yau shi ke riƙe da duniya. Aikinsa shela ne: kowane netwok yana sanar da maƙwabtansa cewa adireshi kaza zuwa kaza nawa ne, ko ina da hanyar zuwa gare su. Maƙwabci ya ƙara sunansa a jerin ya sanar da na gaba, har labarin ya game duniya cikin mintuna. Kyawun wannan shi ne idan igiya ta tsinke, shelar da ta bi ta kanta tana janyewa, rautoci su koma wata hanyar da kansu. Rauninsa kuwa shi ne an gina shi a kan amana. A asalin tsarin babu abin da ke tabbatar da cewa mai shela gaskiya ya faɗa.

Mun ga illar hakan daga nan gida. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kamfanin MainOne na Legas, wanda ke musayar kaya kai tsaye da Google, ya yi kuskure wajen saita na'urorinsa. Hanyoyin Google da ya kamata su tsaya tsakaninsa da abokan cinikinsa sai suka zube zuwa China Telecom, daga can suka wuce zuwa TransTelecom na Rasha da wasu manyan kamfanoni. Nan take masu neman Google a Amurka da wasu wurare suka ga saƙonninsu suna bi ta Rasha zuwa Sin, inda suke maƙalewa. Minti 74 aka yi a haka. Da farko wasu sun yi zargin leƙen asiri ne, sai MainOne ya fito ya ce kuskurensa ne a lokacin wani aikin haɓaka netwok. Shekaru goma kafin nan, a Fabrairun 2008, Pakistan ta so toshe YouTube a cikin ƙasarta, shelar ta tsallake iyaka, shafin ya ɓace wa duniya na wajen awa biyu. Ranar 4 ga Oktoba, 2021 kuma akasin haka ne ya faru: wani umarni da aka bayar a cikin Facebook ya katse netwok ɗinsa na ciki, na'urorinsa suka janye shelarsu, Facebook da WhatsApp da Instagram suka yi kusan awa shida babu su. Kwamfutocinsu suna nan a kunne, amma duniya ta daina sanin hanyar zuwa wurinsu.

Ni a ganina darasin MainOne ya wuce batun kuskuren injiniya ɗaya. Kuskure dole ne a yi shi. Abin tambaya shi ne me ya sa manyan kamfanonin da suka karɓi shelar ba su tace ta ba. Akwai hanyoyin tacewa, akwai kuma tsarin RPKI da ke ba mai adireshi damar sa hannu a kan nasa ta yadda shelar ƙarya za ta tonu. Ba su magance komai ba, amma suna rage ɓarna ƙwarai, kuma duk kamfanin da ke ɗauke da kuɗin mutane da sirrinsu bai da uzurin yin sakaci da su.

Mu koma kan igiyoyin. Faiba zare ne na gilashi mai kaurin gashin kai, haske ke gudu a cikinsa da saurin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wannan gudu ne mai ban mamaki, amma yana da iyaka, kuma ba kuɗin da zai ƙara shi. Igiyar MainOne da aka ƙaddamar a 2010 ƙarƙashin jagorancin Funke Opeke tana da tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas. Zuwa da dawowa a kanta kaɗai yana cin kusan kashi 70 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ga ɗan Adam wannan ba komai ba ne, sai dai buɗe shafi ɗaya yana buƙatar zuwa da dawowa sau da dama: a nemi suna, a gaisa, a ƙulla makulli, sannan a fara kawo kaya. Ƙara a kan haka tazarar Kano zuwa Legas, wajen kilomita 1,000. Shi ya sa mutum zai sayi data mai yawa, a ce masa layinsa 4G ne, amma shafi ya riƙa jinkiri kafin ya motsa. Faɗin hanya daban, nisanta daban.

Abin da ya faru a Maris 2024 ya nuna cewa yawan igiyoyi bai wadatar ba idan duk wuri ɗaya suka bi. Huɗun nan sun ratsa yanki guda na ƙasan teku, kuma ana kyautata zaton zaizayar ƙasa ɗaya ce ta haɗa da su duka. BGP ya yi aikinsa, ya karkatar da kaya zuwa hanyoyin da suka rage, irin su Glo-1 da Equiano ta Google wadda ta sauka Legas a 2022. Amma hanyar da ta rage ba ta iya ɗaukar lodin kowa a lokaci guda, kuma kamfanin da bai riga ya ƙulla yarjejeniya a kanta ba sai ya shiga nema a lokacin da kowa ke nema.

Tambayar da ta fi damuna ita ce wannan: me zai sa kuɗin da za a tura daga wani asusu a Katsina zuwa wani a Funtuwa su dogara da lafiyar teku? Amsar ita ce duk hidimar da aka ajiye wani sashe nata a kwamfutocin Turai, dole saƙo ya je can ya dawo, ko da mai aikawa da mai karɓa suna kallon juna. Don rage irin wannan aka kafa IXPN a 2006, wato mahaɗar da kamfanonin Najeriya ke jona igiyoyinsu su yi musaya a cikin gida. Ta fara a Legas, yanzu tana da rassa a wasu birane ciki har da Abuja da Kano. Manyan kamfanoni irin su Google da Meta mai Facebook ma suna ajiye kwafin abubuwan da aka fi kallo a kusa da masu kallo, shi ya sa bidiyon da ya yi tashe yake buɗewa da sauri fiye da wani shafin da ba a cika shiga ba. Sai dai mahaɗa ba ta da amfani idan babu masu jonawa, kuma babu abin da za a yi musaya. Muddin jami'o'i, asibitoci, gidajen jaridu da ma'aikatun jihohin Arewa suna ajiye shafukansu da bayanansu a ƙetare, reshen Kano zai kasance da ƙaramin aiki, ɗalibin da ke duba sakamakonsa a Zariya kuma zai ci gaba da aika tambayarsa ta tsallaka teku.

Nijar nata ya fi tsanani, domin ba ta da gaɓar teku ko ta taki ɗaya. Datar Yamai, Maraɗi da Damagaram sai ta ratsa ƙasar wani, ta Benin zuwa Kwatano, ko ta Najeriya, ko ta Burkina Faso, kafin ta ga igiyar teku. Wannan ne ya sa aikin shimfiɗa faiba ta cikin Sahara, wanda zai haɗa Aljeriya, Nijar, Najeriya da Chadi, yake da nauyi fiye da yadda ake ba shi a labarai: ƙofa ce ta arewa zuwa Bahar Rum, wadda zaizayar ƙasa a tekun Atlantika ba za ta taɓa ba. Tauraron ɗan Adam ma ƙofa ce. Tsofaffin da ke tsaye a nisan kilomita kusan 36,000 suna da jinkirin da ya haura rabin daƙiƙa, amma na Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, suna shawagi ne a nisan 'yan ɗaruruwan kilomitoci kawai, don haka jinkirinsu kaɗan ne. Tsadarsa ce ta sa bai zama na kowa ba, kuma ba ya ɗaukar lodin da faiba ke ɗauka.

A kullum dai, abin da ya fi katse mu ba teku ba ne. Katafilar masu aikin titi ce da ke tumɓuke igiyar da aka binne, da ɓarayin da ke haƙa suna zaton tagulla za su samu, da ƙarfen sabis da man janaretansa ya ƙare. Garin da igiya ɗaya tak ke shiga cikinsa, tsinkewa ɗaya ta ishe shi. Wanda igiyar ta zagaye shi ta shigo ta ɓangare biyu kuwa, rautoci za su juya ta ɗaya hannun kafin kowa ya lura. A 2024 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, ta kuma bayyana shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Amma izinin haƙa gefen yawancin tituna a hannun jihohi yake. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a riƙa karɓar naira 145 kan kowace mita, jihohi da dama suka ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninkin haka, yayin da Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020. Kamfani yana lissafi ne kafin ya haƙa rami, kuma jihar da ta tsawwala kuɗin mita ita ce ake bari da igiya ɗaya, ko a tsallake ƙananan hukumominta ɗungurungum.